Faɗin Keke Ɗaya

Wata huɗu ke nan da aka buɗe sabuwar matakalar unguwarmu, kuma har yau ban taɓa sauka a kanta gabana bai faɗi ba. Taka talatin da takwas ce, da ƙarfen dafawa a tsakiya. Kowa yabonta yake yi. Ni ina cikin waɗanda suka yi aikin takardun da aka gina ta da su, shi ya sa nake son in rubuta labarin mutumin da ta raba da sana'arsa, ko zuciyata za ta ɗan lafa.

Unguwarmu a kan tudu take. Babban titi da kasuwa da tashar mota duk suna ƙasa. Kafin matakalar, abin da ya haɗa sama da ƙasa wani gangare ne na tsohon siminti da ya tsattsage, mai lanƙwasa biyu. A gindin gangaren, jikin katangar kantin magani, nan Baba Mai Takalmi yake zama da akwatinsa na katako. Mun tashi mun same shi a wurin, kamar yadda muka sami katangar.

Shan inna ne ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, ƙafafunsa biyu suka shanye. Mahaifinsa ɗan dako ne a tasha, ya rantse ɗansa ba zai miƙa wa kowa hannu ba. Ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi wurin wani tsohon baduku, ya ce, "Ga shi nan. Ƙafa ce babu, amma hannu da ido lafiya lau." Shekara goma sha ɗaya ya yi a gaban tsohon yana koyon riƙon basilla da yankan roba. Da ya fara cin gashin kansa, wani mai walda ya haɗa masa keken hannu mai ƙafa uku daga gawar kekuna biyu. Yakan shafa sirdin ya ce, "Tun ranar da na hau wannan, ba wanda ya sake ɗaukata kamar buhu."

Matarsa, wadda duk unguwa muke kira Gwaggo, a bakin aikin ya same ta. Sau uku a wata ɗaya ta kawo masa silifa guda ya tsinke. A na ukun ya duba ya ce, "Yarinya, wannan ba tsinkewa ba ce, reza ce. Idan magana kike so, zauna, kada ki ƙarar da takalmin." Har yau idan ya ba da labarin sai ta ce ƙarya yake yi, ƙusa ta taka. 'Ya ɗaya Allah Ya bar musu, tana aure a wani gari.

Mutane a wurinsa takalma ne. Daga inda yake zaune su yake fara gani, kuma da su yake gane kowa kafin ya ɗaga kai. "Ni da ban taɓa cinye takalmi ko ƙafa ɗaya ba," in ji shi, "ni nake ɗinke na gari duka." Tun ina firamare ya lura ina jan ƙafar dama, ya raɗa mini Ci-dunduniya, sunan ya bi ni har jami'a.

Da safe birki ne yake sauko da shi. Komawa ce sai da hannun mutane. Ƙarfe biyar na yi zai ɗaure akwatinsa a bayan keke, ya juya kansa sama, ya jira. Ba wanda ya kafa doka, amma duk mai hawa tudu a wannan lokaci sai ya ɗora hannu a bayan keken ya tura, shi kuma yana murza feda yana tsiya. "Yau injina malamin makaranta ne, shi ya sa ba ya ja." Ko kuma, "A'a, tela, tura mana, ba allura kake riƙe da ita ba." Shekara talatin da huɗu ana haka. Ni ma na sha turawa da jakar makaranta a bayana.

Sai dai gangaren yana da nasa aibin. Da damina santsi yake yi, masu babur kuma suna sheƙo gudu a kansa. Bara waccan wani ya banke wata 'yar makaranta, ƙafarta ta karye wuri biyu.

Na gama jami'a na yi shekara biyu a gida ina zaman jiran amsar takardu. Sai ofishin tsara gari ya ɗauke ni aikin wucin gadi na wata uku, saboda za a yi wa unguwarmu tsarin gyara kuma ana son ɗan unguwa a ciki. Shugabana wani injiniya ne mai saurin magana da saurin fushi, ko da yake ba mugu ba ne. Ranar farko ya miƙo mini fom ya ce, "Ba za mu bi gida-gida ba. Ƙungiyoyi za mu tuntuɓa, su ne bakin jama'a. Ki nemo mini duk wata ƙungiya da ke unguwar, ki samo zaure, ki ɗauki bayanin taro." Fom ɗin yana da gurbi uku a sama: sunan ƙungiya, sunan shugaba, hatimi.

Na yi aikin da duk ƙarfina. Na samo ƙungiya goma sha huɗu, daga 'yan kasuwa da mata masu ɗinki har kwamitin iyayen yara da masu babur da 'yan ƙwallo. Zaure biyu ne a unguwar. Na ƙasa yana yoyo, an kuma jibge karyayyun bencina a ciki. Na saman benen makaranta yana da fanka da kujera ɗari da wurin jona majigi. Na zaɓi na sama, har Injiniya ya ce na yi tunani. Wallahi ko sau ɗaya Baba bai faɗo mini a rai ba, alhali kullum ta gabansa nake wucewa da fayil a hammata.

Shi ne ma ya tare ni ana sauran kwana biyu.

"Ci-dunduniya, an ce ku ne za ku gyara mana duniya ran Asabar."

"Unguwa dai, Baba."

"Ai ni ita ce duniyar. An ce har da gangare?"

"Har da shi. Za a ji ra'ayin kowa."

"To, zan zo da nawa."

Ran Asabar ina sama ina jera kujeru, sai wani daga 'yan ƙwallo ya ce ana kirana a ƙasa. Na sauko na tarar da Baba a gindin benen, sanye da farar rigarsa ta fita. Bai taɓa rufe akwati ranar Asabar ba sai ran nan. Ƙarti biyu daga 'yan ƙwallon suna tsaye a kansa suna cewa, "Baba, ai ba nauyi gare ka ba, bari mu ɗauke ka."

"Ku ɗauki ƙwallo," ya ce, "ita ce ba ta da kunya."

Suka yi dariya suka haye. Ni kuwa na tsaya ina kallon benen kamar yau na fara ganinsa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Bar shi. Saƙona gajere ne, ke ma kin isa ki kai." Ya zaro wani baƙin zaren ɗinki daga aljihu, an ƙulla shi a kowane baki. "Na ji iyayen yara matakala suke so, kuma da gaskiyarsu. A yi musu. Amma a bar gefe ɗaya a shafe, daidai wannan. Na auna daga taya zuwa taya, na ƙara yatsa huɗu. A kafa ƙarfe a kan lanƙwasar yadda babur ba zai iya gudu ba. Ba ni kaɗai ba ne, akwai masu baro da masu kurar ruwa, sai dai su yanzu suna can suna neman abinci."

Na buɗe fom, saboda abin da aka koya mini ke nan. "Baba, wace ƙungiya zan rubuta?"

"Rubuta ƙungiyar masu tura ni."

"Shugaba fa?"

"Duk wanda ƙarfe biyar ta kama."

"Sai hatimi."

Ya nuna mini babban yatsansa da gam ya baƙanta. "Ga shi, ba mai irinsa."

Na yi dariya, na naɗe zaren na jefa a jaka, na ce ya bar mini komai.

An ba kowace ƙungiya minti uku. 'Yan kasuwa suka nemi fitilu, masu ɗinki suka nemi a gyara magudanar ruwa. Da aka zo kan kwamitin iyaye, uwar yarinyar da aka banke ce ta miƙe. Ba ta cika minti ɗaya ba kuka ya ƙwace mata. Ta ce 'yarta har yanzu tana ɗingishi, ta ce a toshe gangaren nan kafin ya ci rai. Zauren ya ɗauka gaba ɗaya: matakala, matakala. Masu babur suka so gardama, Injiniya ya nuna musu a majigi cewa za a zuba kwalta a hanyar baya da ta zagaye tudun, suka koma suka zauna.

Daga nan ya dubi agogo ya ce, "Akwai wata ƙungiya da ba ta yi magana ba?"

Hannuna yana cikin jaka, yatsuna suna kan ƙullin zaren. Ta taga ina hango Baba ya ja kekensa inuwa yana jira. Na ce a raina, ƙungiya Injiniya ya ce. Na ce ni mai rubutu ce, ba mai magana ba. Na tuna yadda Injiniya ya daka mini tsawa a gaban jama'a da safe saboda lasifika ta ƙi aiki. Na dubi matar nan tana share hawaye, na ji kamar duk abin da zan faɗa zai zama ja da ita. Na kuma sa rai wani zai tuna, don a zauren nan da wuya a sami mutum goma da ba su taɓa tura keken ba. Malamin makaranta yana nan, tela yana nan. Ba wanda ya tuna. Kowa ya zo da bakin ƙungiyarsa ne, ya bar nasa a gida.

"To, mun gode," in ji Injiniya.

Da na sauko Baba ya ce, "An kai?"

"Za a duba, Baba."

"Madalla. Allah Ya yi miki albarka."

Ran Litinin na zauna shigar da bayanai a kwamfuta. Na so in sa nasa, amma shafin ba ya karɓar ra'ayi sai an cike sunan ƙungiya. Na rubuta "Ƙungiyar Masu Tura Keke", na zuba mata ido, sai tsoro ya kama ni kada a ce in kawo takardar rajista. Na goge. Na je ofishin Injiniya na tarar yana waya. Na ce, "Yallaɓai, akwai wani ra'ayi da ba na ƙungiya ba." Ya rufe bakin wayar da tafinsa ya ce, "In ba ya cikin fom ki bari sai gobe." Da gobe ta yi ya tafi wani aiki. Jibi aka ce a miƙa rahoto kafin azahar. Saura mini sati biyu aikina ya ƙare, kuma ana raɗe-raɗin za a riƙe mutum ɗaya cikin mu ukun da aka ɗauka wucin gadi. Na miƙa rahoton. A shafin farko an rubuta cewa an tuntuɓi dukkan ɓangarorin al'umma, kuma ni na buga wannan layin. Ni aka riƙe.

Bayan wata shida aka zo aka kange gangaren da kwanon rufi, aka buɗe wa masu ƙafa wata 'yar hanya ta bayan gidaje. Baba ya zauna a gida. Yana gaya wa kowa hutu ya ɗauka kafin a gama masa titinsa. Duk sanda na wuce ƙofarsa sai ya ce, "Ci-dunduniya, yaya faɗina? Kada su ci mini yatsa huɗun nan fa." Ni kuma in ce, "Ana kai, Baba." Daga baya na daina bi ta layinsu.

Ranar da aka cire kwanon, matakala ce daga katanga zuwa katanga. An ce Gwaggo ce ta raka shi bakin wurin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sun iya aiki," ya juya kekensa.

Sau ɗaya ya gwada hanyar baya. Ta fi kilomita biyu, manyan motoci na bin ta, kuma babu mai tafiya da ƙafa a kanta tunda kowa matakala yake bi. Ya sauka lafiya. A dawowa hannuwansa suka gaza a tsakiyar hawa, ba kowa kusa. Gwaggo ce ta bi sawunsa da ta ga shiru, ita da tsufanta ta turo shi har gida, ta kwanta sati guda da ciwon baya. Bai sake gwadawa ba. Ya buɗe akwatinsa a ƙofar gida, amma wa zai hawo tudu da tsinkakken takalmi alhali wani sabon mai gyara ya zauna a tasha? Mutane suka riƙa cewa, "Ai Baba ya huta."

Na daina barci sosai, abinci ma sai na tura. Wata safiya na shiga wurin Injiniya ba sallama, na ajiye zaren a kan teburinsa, na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa, bai yi ba, da ma ya yi. Ya ɗauki zaren ya auna da rula, ya jawo zanen matakalar ya duba, ya cire tabarau.

"Wannan kaɗai? Ai filin ya isa har da saura. Layi ɗaya ne a zane. Ke 'yar nan, me ya hana ki faɗa?"

Na tambaye shi ko za a iya fasa gefe ɗaya yanzu. Ya ce an rufe aikin, ba za a sake duba tsarin unguwar ba sai bayan shekara biyar. Ya ce in rubuto, zai sa a fayil. Na rubuta. Baba ya haura saba'in.

Da yammar ranar na hau layinsu. Yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, keken yana jingine da bango, tayar gaba ta sace. Na durƙusa na gaishe shi, na ciro zaren, na ce, "Baba, ban kai saƙonka ba. Ba ƙi suka yi ba, ni ce ban faɗa ba. Tun ran nan yana jakata."

Gwaggo tana daga ciki, ta leƙo. "Ke? Ke da ya ɗinke miki takalmi tun ba ki san hagu da dama ba?"

"Bar ta," ya ce.

"Ba zan bar ta ba. Wata nawa kana cewa 'yarka Ci-dunduniya tana cikin aikin, 'yarka ba za ta bari ba?"

"Na ce bar ta. Mutum ɗari ne a zauren."

Ya karɓi zaren ya miƙar da shi tsakanin hannuwansa. Sannan ya ce, "Da kin gaya mini ran nan, da na bari ƙartin nan sun ɗauke ni. Kunyar minti biyar ce." Bai ɗaga murya ba. Na yi kuka har na rasa numfashi, bai ce in yi shiru ba. Da na lafa ya dubi ƙafata ya ce, "Miƙo na daman." Dunduniyar takalmin ta buɗe baki, ban ma lura ba. Ya kwance ƙullin biyu, ya zura zaren a basilla. "Zare mai kyau ne, ba a yar da shi." Ya ɗinke, ya ciji sauran ya yanke, ya miƙo mini.

Sati uku bayan haka 'yarsu ta zo da mijinta da motar kaya, za su tafi da su garinsu. Motar ta hawo ta hanyar baya aka loda komai, har keken, aka ɗaure shi tayoyinsa suna kallon sama. Surukin ya buɗe masa ƙofar gaba, Baba ya ce a'a.

"Ku zagaya ku jira ni a ƙasa. Ta inda na saba fita zan fita."

'Yarsa ta roƙe shi, ta yi kuka, bai saurare ta ba. Ya sa aka ciro masa wasu silifa daga akwati, ya zura hannuwansa a ciki, ya ja jiki zuwa bakin matakalar. Rabonsa da jan jiki a waje tun kafin a haifi yawancinmu. Ya dubi silifan ya ce, "To, yau dai zan cinye takalmi."

Ba wanda ya yi dariya. Ƙarfe biyar ta kusa, mutane suna hawowa daga aiki. Suka dare gefe biyu suka tsaya. Ya riƙa sauke hannu, ya jawo jiki, ya zauna, ya sake. Farar rigarsa ta yi baƙi tun kafin rabi. Tela ya matso ya miƙa hannu, ya rasa inda zai ɗora shi, ya mayar. Uwar yarinyar nan tana tsaye da kayan cefane, ta rufe fuska da gyale. Ni ina bayansa taka biyu, ban taɓa shi ba, ban kuma iya barinsa ba.

A ƙasa ya zauna jikin katangar kantin magani har numfashinsa ya dawo. Inda bayansa ya jingina shekara talatin da huɗu yana nan, fentin ya goge ya yi sulɓi. Ya cire silifan ya ajiye su a wurin, gefe da gefe. Sannan ya ce wa surukinsa, "To, yanzu ɗauke ni."

Har yanzu ina ofishin. An ba ni wata unguwar, kuma zauren ƙasa nake nema ko da yana yoyo, in kuma tsaya a bakin titi in tambayi mutanen da ba su da hatimi. Wannan bai dawo wa Baba da komai ba. Na kira lambar 'yarsa sau biyu. Ta ce yana lafiya, yana zaune a ɗaki, ba ya buɗe akwatin. Na ce ta gaishe shi, ta ce to. Takalmin nan ya tsufa, hagun ya rabu, amma ɗinkin daman ko motsi bai yi ba, na kuma rasa wanda zan kai wa hagun.